Kafin ka sayi wata riga: yadda ake zaɓen kayan sawa da babu zalunci a ɗinkinsu

Mutane da yawa suna son su riƙa sayen kayan sawa da hankalinsu zai kwanta da su, wato kayan da ba a cuci wanda ya ɗinka ba kuma ba a ɓata ruwa da ƙasa wajen yinsu ba, amma da zarar mutum ya fara nema sai kansa ya ɗaure, don yanzu kusan kowane kamfani cewa yake nasa ne na kirki, kaga lakabi kore shar da hoton ganye an rubuta wai suna kula da muhalli, ga kuɗin kuma an ƙara. Na daɗe ina bibiyar wannan harka, kuma abin da na tabbatar shi ne maganar da ke jikin talla ita ce mafi ƙarancin amfani a gare ka. Abin da zai taimake ka yana jikin rigar kanta, a ciki inda ɗinki yake, sai kuma 'yan tambayoyin da zaka yi kafin ka zaro kuɗi.

Bari in fara da dalilin da ya sa abin ba wasa ba ne a wurina. Ranar 24 ga Afrilu 2013 wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufto a Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangladesh, mutum 1,134 suka rasu, kusan 2,500 suka jikkata, yawancinsu mata masu ɗinki. Abin da ya fi ciwo kuwa, tun ana gobe aka ga bangon ya tsattsage, banki da shagunan da ke ƙasan benen suka rufe, amma su masu ɗinki aka ce lallai su koma bakin keke, har da barazanar riƙe musu albashi. Kayan da suke ɗinkawa na manyan shagunan Turai da Arewacin Amurka ne, irin waɗanda ake rububinsu saboda araha. Duk rigar da ka gani fa mutum ne ya zauna ya tura ta ƙarƙashin allura, har yau babu injin da yake ɗinka riga shi kaɗai daga farko har ƙarshe a irin wannan yawa, toh in kuɗinta ya yi ƙasa fiye da kima akwai wanda ya biya cikon da guminsa.

Abu na farko, kuma nan ne mutane suka fi zamewa, kar ka kwashe kayan da kake da su ka zubar wai don ka sake sabon lale da kaya masu tsabta. Rigar da ke cikin akwatinka ko a masana'antar da ta fi kowacce muni aka ɗinka ta, an riga an ɗinka, ruwan da ta ci ta ci, in ka yar da ita ka sayi wata ka sa an sake noma wata audugar an sake rina wani yadin ne kawai. Ana ƙiyasta cewa ƙaramar riga ɗaya ta auduga mai gajeren hannu tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa shago. Rahoton da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna yawan tufafin da ake yi a duniya ya ninka tsakanin 2000 da 2015, yawan sawar da ake wa kowace tufa kafin a yar kuma ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, sannan abin da ake sake sarrafawa ya koma sabuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙungiyar WRAP ta Birtaniya mai aikin rage shara kuma ta lissafa cewa in aka ƙara wa tufa wata tara kacal ana sa ta, ruwa da shara da hayaƙin da ake ɗora mata suna raguwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Kaga kenan babbar matsalar yawa ce, yawan da ake yi da saurin da ake yarwa. Don haka kafin komai ka zazzage kayanka duka a kan gado ka duba su ɗaya bayan ɗaya, zaka sha mamakin abin da ka manta kana da shi, wani maɓalli ɗaya ne kawai ya cire aka jingine shi shekara guda.

In sayen ya zama dole, ka tambayi kanka gaskiya tsakaninka da Allah, wannan kayan zan sa shi sau talatin? Da me zan haɗa shi cikin abin da nake da shi? In sai ka sayi wasu abubuwa biyu kafin ya sawu toh ba riga ɗaya kake saya ba. Kuma ka ba shi kwana biyu uku kafin ka koma, yawancin sha'awar kaya a hanya take mutuwa, musamman wadda ragin farashi ya tayar. Wajen lissafin kuɗi kuma ka daina kallon abin da ka biya yau, ka raba shi da yawan sawar da zaka yi. Rigar da kuɗinta ya ninka na wata sau uku amma ta kai ka shekara biyar ta fi sauƙi a kan wadda wanki huɗu zai sa wuyanta ya saki, dama an ce araha ba ta ado. Sai dai kar a fahimce ni ba daidai ba, tsada ba shaida ba ce. Akwai kaya masu tsada sosai da ake ɗinkawa a masana'anta ɗaya da masu araha, mai ɗinkin kuma albashinta ɗaya, sunan da aka manna ne kawai ya bambanta.

Yanzu sai yadi. Ka rabu da katin da ke rataye a waje, ka nemi ɗan ƙyallen nan da ake ɗinkewa a ciki, yawanci a gefen hagu can ƙasa ko a bayan wuya, shi ne yake faɗin da me aka saƙa yadin da kason kowanne. Mafi yawan abin da zaka gani foliyesta ne, don shi kaɗai ya haura rabin duk zaren da ake yi a duniya, kuma daga man fetur ake yinsa, roba ce aka mayar zare. Ba ya ruɓewa in an yar, kuma duk wanki yana zubar da ƙananan zarurruka da ido ba ya gani su bi ruwa har teku. Masu bincike a jami'ar Plymouth ta Ingila sun auna a 2016 cewa wanki ɗaya na kilo shida a inji yana iya sakin irin waɗannan zarurruka sama da 700,000, akirilik, wani zaren roba mai kama da ulu, shi ne ya fi kowanne zubarwa. Ba ina cewa ka ƙaurace wa foliyesta gaba ɗaya ba, rigar ruwa da kayan motsa jiki da jaka ai shi ya fi dacewa da su kuma yana da ƙarko, in zaka riƙe shi shekaru babu laifi. Inda nake ja da baya shi ne siririn foliyesta mai ƙyalli da ake yin kayan sa-yau-yar-gobe da shi, ga zafi ga riƙe wari ga saurin tsufa.

Zaka kuma riƙa ganin an rubuta cewa da robar da aka sake sarrafawa aka yi rigar. Gaskiya ne ya ɗan fi sabon foliyesta, amma kusan dukkansa daga gorunan ruwa da na lemo ake samo shi ba daga tsofaffin tufafi ba, kuma gora tana iya sake zama gora, in ta zama riga kuwa yawanci tafiyarta ta ƙare kenan, sannan zarurrukan nan suna nan suna zuba. Wani abin lura kuma shi ne gauraye. Yadin da aka haɗa auduga da foliyesta da ɗan roba mai miƙewa yana da wuyar rabawa, shi ya sa masu sake sarrafa tufafi ba sa iya yin komai da mafi yawansa. In ka samu yadi zalla, auduga ɗari bisa ɗari ko lilin ko ulu, ya fi sauƙin gyara ya fi sauƙin sake amfani.

Ita ma audugar ba wai ta fita tsaf ba ce. Tekun Aral da ke tsakanin Kazakhstan da Uzbekistan a da shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya, tun daga shekarun 1960 aka karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Syr Darya, don ban ruwan gonakin auduga, yau jiragen kamun kifi suna nan zube a kan yashi a garin Moynaq babu ruwa ko kusa. Ga maganin ƙwari da manomi yake shaƙa, ga batun aikin tilas, a Uzbekistan ɗin ma an shafe shekaru ana tura ɗalibai da ma'aikatan gwamnati tsinkar auduga dole, sai a 2022 aka janye ƙauracewar da aka yi wa audugar ƙasar bayan an ga canji. Duk da haka ni in an ba ni zaɓi auduga mai kauri nake ɗauka, musamman wadda aka noma ba da maganin ƙwari na sinadari ba in akwai shaidar hakan, saboda tana jure wanki, tana ɗaukar faci, kuma in ta ƙare tana ruɓewa. Lilin ma haka, shukarsa ba ta cika buƙatar ban ruwa ba a inda ake noma ta, yana yamutsewa dai kam amma yana daɗewa kuma ƙara laushi yake da tsufa.

Akwai guda biyu da nake so ka yi hattara da su don sunansu yana da daɗin ji. Na farko kayan da ake cewa na gora ne, wato itacen gora. Mafi yawansu a lakabin ciki zaka ga viscose ko rayon aka rubuta, ma'ana an narka itacen ne da sinadarai masu ƙarfi, ciki har da wanda aka daɗe da sanin yana cutar da jijiyoyin ma'aikata, aka fitar da zare, babu abin da ya rage na gorar a ciki. A Amurka hukumar kare masu saye ta sa an ci tarar manyan shagunan Walmart da Kohl's dala miliyan 5.5 a 2022 kan sayar da irin wannan yadi da sunan gora. In kana son irin laushin nan ka nemi lyocell, wanda kamfanin Lenzing na Ostiriya yake sayarwa da sunan Tencel, shi ma daga itace ne amma ana maido da sama da kashi 99 cikin 100 na sinadarin da ake narka shi a sake amfani da shi. Na biyu fatar da ake cewa ba ta dabba ba ce. Yawancinta roba ce aka shafa a kan yadi, shekara ɗaya biyu ta fara ɓarewa kuma babu mai gyara ta. Fatar gaske ita ma tana da nata, jima da sinadarin kuromiyam ya gurɓata koguna a wurare irin Kanpur na Indiya, amma takalmi ɗaya da za a riƙa canza masa tafi shekara goma ya fi biyar na roba. Wandon jins mai koɗaɗɗen launi tun daga shago shi ma ka tuna wani ne ya koɗar da shi, a Turkiyya sai da matasa suka kamu da ciwon huhu har wasu suka mutu saboda fesa yashi a jikin jins kafin a hana a 2009, jins mai launinsa na asali ya fi aminci kuma ya fi ƙarko.

Toh ga inda hannunka da idonka za su yi maka aikin da babu lakabin da zai yi. Ka juya rigar ciki waje, kar ka ji kunyar mai shago. Ka kama gefe biyu na ɗinkin ka ɗan ja a hankali, in ka ga ramuka sun buɗe haske yana ratsawa tsakanin zaren, wannan ba zai kai ko'ina ba. Ka duba tazarar ɗinkin, in allurar tana tsalle da nisa an yi saurin gamawa ne, ɗinki mai kyau ƙanana ne a jere daidai wa daida. Ka leƙa hammata da tsakiyar wando da bakin aljihu, nan ne kaya suke fara farkewa, ya kamata ka ga an maimaita ɗinki ko an ɗaure shi da kyau. Ka duba ko an bar rarar yadi a cikin ɗinkin da kuma kalmasa, don in jiki ya ƙaru ko yaro ya yi tsawo tela ya samu abin buɗewa, masu yin kayan araha a nan suke tsuke yadi. Maɓalli ka ɗan murza shi, gidan maɓallin kuma kar ka ga zare yana tsatstsafowa, in an saka maɓallin ajiya a ciki alama ce mai kyau. Zif ka ja shi sama da ƙasa ka ji ko yana cijewa. Sai ka ɗaga yadin ka fuskanci haske, in kana hango yatsunka sarai a yadin da bai kamata ya zama shara-shara ba toh siriri ne. Ka damƙe shi a tafin hannu ka saki, ka ja shi ka ga ko yana komawa yadda yake. In mai layi-layi ne ka ga ko layukan sun haɗu a gefen ɗinki, wanda ya tsaya ya daidaita layi ya tsaya ya kula da sauran. Duk wannan bai fi minti biyu ba fa. In ta intanet kake saye kuma ka zuƙo hoton sosai, ka karanta abin da aka saƙa yadin da shi, ka auna jikinka da tef ka gwada da ma'aunin da suka bayar, saboda kayan da ake mayarwa ba duka ne suke komawa kan kanta ba.

Sai tambarin shaida, wanda shi ma yana ruɗa mutane don kowanne abu ɗaya yake dubawa ba komai ba. OEKO-TEX Standard 100 yana nufin an gwada kayan babu sinadarai masu cutar da mai sawa fiye da ƙa'ida, yana da kyau musamman ga kayan jarirai, amma bai ce komai ba a kan albashin mai ɗinki. GOTS ya fi faɗi, sai zaren ya kai kashi 95 cikin 100 na wanda aka noma ba da sinadari ba kafin a ba shi cikakken suna, ko aƙalla kashi 70 a mataki na ƙasa, kuma yana duba rini da ruwan da masana'anta take zubarwa da wasu haƙƙoƙin ma'aikata. Tambarin auduga na Fairtrade manomi ya fi shafa, farashin da aka biya shi da ɗan ƙarin da ake ba ƙungiyarsu. Better Cotton kuma da zaka gani a manyan shaguna, tsarin da suka daɗe a kai shi ne kamfani ya biya a noma wani adadi ta hanyar da ta fi, amma audugar tana cakuɗuwa da sauran a hanya, don haka ba lallai ita ce a cikin rigar da ke hannunka ba. Tambari na gaske yana zuwa da lamba, kuma GOTS da OEKO-TEX duka suna da wurin da zaka saka lambar a shafinsu ka ga ko tana aiki. Tambarin da kamfani ya ƙirƙira wa kansa, ɗan ganye ko ɗan hoton duniya babu lamba babu sunan wanda ya bincika, wannan ado ne kawai. A 2022 hukumar kare masu saye ta Holan ta sa kamfanonin kayan sawa na H&M da Decathlon sun yi alkawarin gyara ko cire irin waɗannan kalamai saboda ba su bayyana me suke nufi ba. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce, in babu adadi babu sunan wuri babu wanda ya tabbatar daga waje, ban ji komai ba.

Kuma ko tambarin gasken ma ba ya wadatarwa idan ana maganar ran mai ɗinki. A watan Satumba 2012 masana'antar Ali Enterprises da ke Karachi a Pakistan ta kama da wuta, sama da mutum 250 suka mutu, ƙofofi a kulle tagogi da ƙarafa, alhali makonni kaɗan kafin nan aka ba ta takardar shaidar cewa ta cika ƙa'idar kula da ma'aikata. Mai bincike yana zuwa rana ɗaya ya tafi, ma'aikaci shi yake nan kullum. Shi ya sa abubuwan da nake nema a wurin kamfani guda uku ne. Shin ya fitar da sunaye da adireshin masana'antun da suke masa ɗinki? Wanda ya ɓoye wannan babu yadda za a kama shi in an yi ɓarna. Shin ya sa hannu a yarjejeniyar kare lafiyar ma'aikata da aka ƙulla a Bangladesh a 2013 bayan Rana Plaza, wadda kamfanoni sama da 200 suka shiga kuma daga baya aka kai ta Pakistan? Ita wannan bambancinta shi ne doka tana iya kama wanda ya saɓa, kuma ƙungiyoyin ƙwadago suna cikin masu sa hannu, jerin sunayen kamfanonin kuma a fili yake. Na uku, shin yana maganar albashin da zai riƙe mutum da iyalinsa ko kuwa cewa kawai yake muna bin doka? Don bin doka ba wani abin alfahari ba ne, a ƙarshen 2023 mafi ƙarancin albashin masu ɗinki a Bangladesh taka 12,500 (kuɗin ƙasar) aka mayar da shi a wata daga 8,000, alhali ma'aikatan 23,000 suka nema. Ƙungiyoyi irin Clean Clothes Campaign da Fashion Revolution suna bibiyar waɗannan abubuwa suna wallafawa, ka duba nasu kafin ka duba shafin kamfanin.

Wani kuskuren da nake so mu guje wa shi ne yanke hukunci da sunan ƙasa. Wani da ya ga an rubuta Bangladesh ko Kambodiya sai ya ajiye, in ya ga Ingila ko Italiya sai ya ɗauka da murna. Ai a 2020 an bankaɗo masana'antu a Leicester cikin Ingila da ake biyan ma'aikata fam 3.50 a awa lokacin da doka ta ce 8.72. Su kuma ma'aikatan Bangladesh, miliyoyin mata da wannan aiki ne yake ciyar da gidajensu, abin da ƙungiyoyinsu suke ta faɗa shi ne a biya su daidai a gyara musu gine-gine, ba su ce a daina sayen kayansu ba. Ƙaramin mai ɗinki da kake iya ganin fuskarsa ka san wa kake biya shi ma hanya ce mai kyau ƙwarai, sai dai in ka je wurinsa kar kai ma ka zama mai murƙushe shi wajen ciniki, kuma ka biya shi a kan lokaci.

Gwanjo kam ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, shi ne hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi, babu sabuwar audugar da aka noma dominka, kuma kayan da ya sha wanki a hannun wani bai lalace ba ya riga ya nuna ƙarkonsa. Dubawar dai iri ɗaya ce, ka ƙara da leƙa wuya da hammata don tabo, da gwiwa da mazaunin wando don sirancewa, tabon mai da ya daɗe da wuya ya fita amma maɓalli da kalmasa abin gyara ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya riƙa saye barkatai yana kwantar wa kansa da hankali cewa ai in na gaji zan bayar. Ina kayan suke zuwa? Kasuwar Kantamanto da ke Accra a Ghana tana karɓar tufafi kusan miliyan 15 duk mako, kuma ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 shara suke zama, ɗan kasuwa ya ci bashi ya sayi dila bai san abin da ke ciki ba, ya yanke ta ya tarar da tsummokara, sauran kuma su toshe magudanai su taru a bakin teku. A hamadar Atacama ta Chile ma tsibin tufafi ne jibge kusa da Alto Hospicio. Ko a gwanjon ma ka sayi abin da zaka sa ne kawai.

Bayan saye kuma aikin bai ƙare ba, don wanki ya fi sawa kashe kaya. Ba kowace tufa ce take buƙatar wanki bayan sawa ɗaya ba, jins da rigar sanyi da kwat a shanya su su sha iska ya isa sau da yawa, in tabo ne a wuri ɗaya a goge wurin kawai. Ka yi wanki da ruwan sanyi, ka juya kayan ciki waje, ka rufe zif kada ya yayyage na kusa da shi, ka rage omo don yawansa ba ya ƙara tsabta sai dai ya cinye zare. In da inji kake yi ka cika shi daidai kima, kayan roba sun fi zubar da zarurruka in suna ta gogayya cikin ruwa mai yawa. Injin busarwa yana tsuke kaya yana gajiyar da roba, igiya ta fi, masu launi a inuwa don rana tana koɗar da su, kayan saƙa masu nauyi kuma a shimfiɗe ake shanya su kada su zazzago.

Gyara kuma dan Allah a daina jin kunyarsa. Kafa maɓalli da kama ɗinkin da ya fara warwarewa abu ne da kowa zai koya cikin yini ɗaya, namiji ko mace, kuma da ka ga ƙaramar ɓula ka kama ta kafin wanki na gaba ya faɗaɗa ta. Canza zif, rage ƙugu, juya kwalar da ta cinye, faci a gwiwa ta ciki, duk aikin tela ne na ɗan lokaci, farar rigar da ta dafe kuma rini yana dawo da ita sabuwa. A Faransa tun 2023 har ragi ake yi wa mutane a kuɗin gyaran tufafi da takalma don a rage zubarwa. In kaya ya fita daga ranka amma da sauransa, ka wanke ka goge ka miƙa wa wanda ka san zai sa, ko ku yi musanya da 'yan uwa da abokai, hannu da hannu ya fi akwatin tara kaya da ba ka san inda yake zuwa ba. Wanda ya mutu murus kuma kar ka cusa shi cikin kayan bayarwa ya je ya zama asarar wani, ka cire maɓallan da zif ɗin ka ajiye don gyaran gaba, ka yanka wuraren da suka rage da ƙarfi don faci, sauran ka mayar tsumman goge-goge.